FILIN TARIHI: Wiliyam na Ɗaya, Sarkin Holan Ɗan Kasuwa

A wannan wata za mu tafi ƙasar Holan. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenku. Duk wanda ya taɓa haɗa lefe ya san atamfa 'yar Holan, ya kuma san abin da ta yi wa aljihunsa. To, ƙasar ke nan. Ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, a yammacin Turai. Jamus na gabas da ita, Beljiyam na kudu da ita. Mutanenta suna kiranta Nedalan, wato ƙasar kwari, domin wani babban yanki nata ya fi tekun gangarawa ƙasa. Da ganuwa suke tare ruwa don kada ya cinye musu gonaki.

Wanda za mu ba da labarinsa shi ne Sarki Wiliyam na Ɗaya. Ya yi sarauta daga 1815 zuwa 1840. Yawancin shekarun nan sun zo daidai da zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Mutum ne mai ƙwazo da sanin lissafi. Ya yi wa ƙasarsa ayyukan da har gobe ake amfani da su. Amma ba ya karɓar shawara. Za mu ga abin da hakan ya jawo masa, mu kuma ga waɗanda suka biya kuɗin ayyukan nasa.

Gudun hijira

An haifi Wiliyam ran 24 ga Agusta, 1772, a birnin Heg. A lokacin Holan ba ta da sarki. Mahaifinsa shi ne shugaban ƙasa da kwamandan soja, muƙamin da gidansu, gidan Oranje, ke gada, amma ba a ce masa sarki.

A watan Janairu na 1795 sojojin Faransa suka shigo Holan. Sanyi ya yi tsanani har koguna suka daskare, sojojin suka taka ruwa da ƙafa suka haye. Wiliyam da mahaifinsa suka gudu zuwa wani ƙauyen masunta kusa da Heg mai suna Scheveningen. Daga nan suka shiga jirgin masunta sai Ingila. Yana da shekara 22 a lokacin.

Kusan shekara 19 ya yi ba ya gida. An ba shi wata 'yar ƙasa a Jamus mai suna Fulda ya mulka. A 1806 ya shiga yaƙi a ɓangaren masu adawa da Napoliyon, Sarkin Faransa. Aka ci su da yaƙi, Napoliyon ya ƙwace Fulda. A shekarar kuma mahaifinsa ya mutu. Wiliyam ya koma ya kula da gonakinsa da ke gabashin Turai, yana duba littafin shiga da fita da kansa. A Fulda da gonakin nan ya koyi salon mulkinsa: mai gida ya tsara komai, barori su aiwatar.

Komawa gida

A 1813 aka karya lagon Napoliyon, sojojinsa suka janye daga Holan. Wasu manyan ƙasar suka aika wa Wiliyam ya dawo. Ran 30 ga Nuwamba, 1813, jirgin yaƙin Ingila ya sauke shi a bakin tekun nan da ya gudu ta wurinsa. Jama'a suka yi ta murna, ko da yake matasa da yawa ba su ma san fuskarsa ba.

Manyan ƙasashen Turai ba su yarda da Faransa ba. Suna so a sami ƙasa mai ƙarfi a arewa da ita, ta zama katanga. Sai suka haɗa Holan da yankin da yau ake kira Beljiyam, suka mai da su ƙasa ɗaya, suka danƙa wa Wiliyam. Ran 16 ga Maris, 1815, ya ɗauki sunan sarki. Bayan wata uku aka yi yaƙin Watalu a cikin sabuwar ƙasar tasa, inda aka gama da Napoliyon. Babban ɗan sarki ya yi yaƙin, har aka harbe shi a kafaɗa.

Amma wannan haɗi auren dole ne. Ba wanda ya tambayi mutanen kudu ko suna so. Dukansu Kirista ne, amma ɗarika ta bambanta: yawancin arewa Furotesta ne kamar sarki, kudu kuwa Katolika ne. Arewa 'yan kasuwa ne masu jiragen ruwa, suna so a buɗe iyaka kaya su shiga su fita. Kudu masu masana'antu ne da gawayin ƙasa da ƙarfe, suna so a sa wa kayan Ingila haraji don nasu su sami kasuwa. Mutanen kudu sun kai miliyan uku da rabi, na arewa kimanin miliyan biyu. Duk da haka kujeru 55 aka ba kowane ɓangare a majalisa. Ga shi kuma arewa na da tulin bashi, aka ce kowa ya sa kafaɗa a biya.

Lissafin Holan

A shekarar 1815 ɗin sarki ya sa aka rubuta tsarin mulki. Aka gayyato manyan mutanen kudu kimanin 1,600 su kaɗa ƙuri'a a kansa. Mutum 527 suka ce sun yarda. Mutum 796 suka ce ba su yarda ba. Kimanin 280 ba su zo ba. Kowa ya san wanda ya ci.

To, ku ɗauko fensir mu bi lissafin sarki tare. A cikin masu cewa a'a, mutum 126 sun rubuta cewa saboda addini suka ƙi, domin tsarin ya daidaita dukan ɗariku a gaban doka. Sarki ya ce wannan magana manyan ƙasashe sun riga sun yanke ta, ba ta cikin abin da ake tambaya. Saboda haka ya kwashe 126 ɗin ya zuba wa masu cewa i. Ku tara: 527 da 126 sun zama 653. Ku ɗebe: 796 ban da 126 saura 670. Har yanzu masu a'a ke gaba da mutum 17. Sai sarki ya ce wanda bai zo ba ai ya yarda ne. Ya ƙara su. Masu i suka haura 900, aka ce tsarin mulki ya wuce.

Mutanen kudu suka sa wa wannan abu suna lissafin Holan. Ba su yi tawaye a ranar ba, amma ba su manta ba.

Sarki ɗan kasuwa

Kada a yi masa rashin adalci. Wiliyam ya tarar da ƙasar da yaƙi ya tsiyata. Jiragen ruwa sun ruɓe a tasha, mabarata sun cika birane. Ya tashi haiƙan. Tun asuba yake zama a kan tebur, ya karanta takardun gwamnati ɗaya bayan ɗaya, ya yi rubutu a gefensu da hannunsa. Ba mai son shagali ba ne.

A 1814 ya kafa babban bankin ƙasa, wanda har yau yana nan. A 1822 ya kafa wani banki a birnin Burasel don ba masana'antu rance. A 1824 ya kafa babban kamfanin ciniki na ƙasa, ya zuba kuɗin aljihunsa masu yawa a ciki. Ku riƙe zancen kamfanin nan, za mu dawo kansa. Ya goyi bayan wani Baturen Ingila mai suna John Cockerill, wanda ya gina babbar masana'antar ƙarfe da injuna a kudu. Ya buɗe jami'o'i uku a kudu a 1817. A zamaninsa ne ƙasar ta koma awo da kilo da mita, maimakon kowane gari da irin mudunsa.

Abin da aka fi tuna shi da shi kuwa haƙa hanyoyin ruwa. A wancan zamani ba mota, ba kwalta. Kaya masu nauyi a jirgin ruwa ake ɗauka. Sai ya sa aka haƙa manyan hanyoyi kamar koguna, da shebur da baro, dubban leburori suna aiki. Guda ɗaya ta tashi daga Amstadam zuwa bakin teku a arewa, tsawonta ya haura kilomita 70, an gama ta a 1824. Wata da aka gama a 1826 ta haura kilomita 100. Kafin ya sauka kuma ya ga jirgin ƙasa na farko a Holan, wanda ya fara tafiya tsakanin Amstadam da Halem a 1839.

Kowace Laraba yakan buɗe ƙofar fada. Attajiri da talaka kowa na iya shiga ya faɗi kukansa. Wannan hali ne mai kyau. Amma jin kuka daban, karɓar shawara daban. Ministoci a wurinsa barori ne, shi suke yi wa bayani, ba majalisa ba. Yawancin kasafin kuɗi sau ɗaya a shekara goma ake kawo shi gaban majalisa. Abubuwa da dama da dokar fada yake zartar da su. Ya kuma kafa wani asusu na musamman wanda 'yan majalisa ba sa ganin cikinsa. Daga nan yake biyan wasu ayyuka, a nan kuma bashi yake taruwa ba a sani ba.

Kudu ta ɓalle

A shekarun 1820 sarki ya riƙa taka sawun mutanen kudu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa haraji a kan niƙan hatsi da yankan dabba. Talaka wanda burodi ne abincinsa shi ya fi ji a jika. Ya ce daga 1823 harshen Holan za a yi amfani da shi a kotu da ofis a lardunan kudu da talakawa ke jin harshen. Lauyoyi da manyan wurin kuwa Faransanci suke yi, sai suka ga an tare musu hanyar abinci. A 1825 ya sa hannu a karatun limaman coci, ya ce sai sun bi ta makarantar gwamnati kafin su zama limamai. Cocin Katolika ya fusata. 'Yan jarida da suka yi suka aka kai su kotu. Wani mai suna Louis de Potter an ɗaure shi a 1828, daga baya aka kore shi daga ƙasar.

A kudu akwai ƙungiyoyi biyu da ba sa ga maciji da juna: masu bin coci, da 'yan boko masu neman 'yancin faɗin ra'ayi. Sarki ya yi abin da ba wanda ya iya yi, ya haɗa kansu. A 1828 suka ƙulla ƙawance a kansa. Dubban mutane suka sa hannu a takardun koke. Sarki ya janye wasu dokokin, amma a makare, kuma bai yarda majalisa ta sami iko a kan ministoci ba.

A 1830 abinci ya yi tsada, aiki ya yi wuya. A watan Yuli mutanen Faransa suka kori sarkinsu, labari ya tsallako iyaka. Ran 25 ga Agusta, kwana ɗaya bayan sarki ya cika shekara 58, aka yi wani wasan kwaikwayo na waƙa a Burasel, labarin masunta da suka yi wa baƙin masu mulki tawaye. 'Yan kallo suka fito titi da ihu, talakawan gari suka bi su. Aka farfasa gidajen manyan gwamnati. A watan Satumba sarki ya aika ɗansa na biyu da sojoji. Aka yi kwana huɗu ana ɓarin wuta a tsakiyar birni, sojojin suka janye. Ran 4 ga Oktoba, 1830, Beljiyam ta ce ta ɓalle.

Manyan ƙasashe suka zauna a Landan suka amince da sabuwar ƙasar. Su ne fa suka haɗa auren, su ne kuma suka raba shi. A watan Agusta na 1831 Wiliyam ya sake aika sojoji. Cikin kwana goma suka ci sojojin Beljiyam, amma Faransa ta turo nata, dole suka koma.

A nan ne taurin kansa ya yi wa ƙasa illa mafi girma. Ya ƙi sa hannu a takardar rabuwa. Shekara da shekaru ya ajiye dubban sojoji a bakin iyaka, suna ci suna sha, yana jiran ko al'amura za su juya. Ba su juya ba. Sai a 1839 aka sa hannu a yarjejeniyar Landan. Kafin nan baitulmali ya ƙafe.

Manoman Jawa

Tambaya a nan ita ce: da wane kuɗi ya riƙe sojojin nan duk tsawon shekarun? Amsar tana can nesa, a tsibirin Jawa, cikin ƙasar da yau ake kira Indunusiya. Holan ce ke mulkin tsibirin a lokacin. Mutanensa yawancinsu Musulmi ne, manoman shinkafa.

Daga 1825 zuwa 1830 an yi mummunan yaƙi a can. Wani ɗan sarauta mai riƙo da addini, Diponegoro, ya tashi ya yaƙi Turawan, talakawa da malamai suka bi shi. An ƙiyasta mutanen Jawa kimanin 200,000 suka mutu, yawancinsu saboda yunwa da cuta. A 1830 aka kira shi zaman sulhu, da ya zo aka kama shi. A tsare ya mutu a 1855, a wani tsibiri dabam.

Yaƙin ya cinye kuɗi. Sai sarki ya naɗa wani soja mai suna Van den Bosch gwamna, ya amince da shirin da ya kawo. Shirin ya fara aiki a 1830. A takarda ga yadda yake: kowane ƙauye zai ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsa ya shuka abin da gwamnati ta ce. Abin kuwa shi ne kofi, ko rake, ko baba, irin wanda ake rini da shi. Gwamnati ce kaɗai mai saye, ita ce mai yanka farashi. Wanda ba shi da gona zai yi wa gwamnati aiki kwana 66 a shekara.

A gona kuwa abin ya wuce haka. An ba jami'an Turawa da hakimai da dagatai kamasho a kan yawan amfanin da yankinsu ya kawo. Kun ga ke nan an ba kura ajiyar nama. A wurare da yawa abin da aka karɓa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, kwanakin aiki suka ninka. Rake yana son ƙasa mai kyau da ruwa, wato daidai fadamar da shinkafa ke so. Baba kuwa ya fi kowanne wahala. Akan kwashe maza a kai su nesa da gida watanni, suna shuka, suna yanka, suna jiƙa. Duk manomi ya san abin da ke faruwa in aka ɗauke shi daga gonarsa a lokacin shuka ko lokacin noman farko. Ba mai mayar masa da waɗannan kwanaki. Ɗan abin da aka biya shi kuma, haraji ya karɓe mafi yawansa. Akwai yankunan da kuɗi ya shiga hannun mutane, musamman manya, amma a wasu yankuna rumbu ya zama wayam. A shekarun 1840 yunwa ta faɗa wa wasu lardunan Jawa, mutane da yawa suka mutu, wasu suka bar ƙauyukansu.

Wa ke ɗaukar kayan zuwa Turai ya sayar? Kamfanin cinikin nan da sarki ya kafa, wanda yake da babban hannun jari a ciki. Da can kamfanin asara yake yi. Da shirin ya kankama sai riba ta fara zuba. Daga 1831 zuwa 1877 abin da ya shiga baitulmalin Holan daga wannan yanki ya haura gilda miliyan 800. Gilda ita ce kuɗin Holan kafin su koma Yuro a 2002. Da kuɗin aka biya sojoji, aka rage bashi, daga baya aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa a Holan. Sai a 1870 aka fara rushe shirin.

A ganina wannan shi ne nauyi mafi girma a wuyan Wiliyam. Mutanen Beljiyam suna da lauyoyi da jaridu da maƙwabta masu bindiga, da aka matsa musu sai suka fice. Manomin Jawa ba shi da kujera ko ɗaya a majalisa, kuma ƙofar nan ta ranar Laraba ta yi masa nisa.

Sojoji daga Elmina

Labarin ya biyo har ta Afirka ta Yamma. Zazzaɓi yana kashe sojojin Turawa a Jawa, ga shi kuma Beljiyam ta tafi da rabin masu shiga soja. A lokacin Holan na riƙe da garin Elmina a bakin tekun ƙasar Gana ta yau. Sai aka fara ɗaukar sojoji daga can a 1831. Da masu zuwa da kansu suka yi kaɗan, sarki ya aika Janar Verveer zuwa Kumasi. A 1837 ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante, Kwaku Dua na Ɗaya, a kan zai ba da mutum 1,000, aka ba shi bindigogi tun kafin ya cika alkawari. Da yawa cikin waɗanda aka samu bayi ne da aka kamo daga ƙasashen arewa da Asante. Akan fanshe su, a ba su takardar 'yanci, sannan a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsu. Wiliyam ya hana cinikin bayi tun 1814, saboda haka Ingila ta yi ƙorafi, ta ce wannan cinikin bayi ne aka sa masa wata riga. Daga 1831 zuwa 1872 'yan Afirka kimanin 3,000 aka kai. Wasu sun mutu a can, wasu sun yi aure sun zauna. Waɗanda suka dawo Elmina da yawa sun zauna a kan wani tudu da ake kira Tudun Jawa.

Murabus

Bayan 1839 asiri ya tonu. 'Yan majalisa suka gane yawan bashin da ke kan ƙasa, suka ƙi amincewa da kasafin kuɗi. A 1840 aka gyara tsarin mulki. Daga yanzu dokar sarki ba ta aiki sai minista ya sa hannu, kuma ana iya gurfanar da minista in ya karya doka. Wiliyam bai iya haɗiye wannan ba.

Ga kuma maganar aure. Matarsa ta mutu a 1837. Sai ya nemi auren wata mace daga cikin masu yi mata hidima a fada, Henriette d'Oultremont. Matar nan Katolika ce, kuma asalinta 'yar Beljiyam ce. Mutanen da suka ba da 'ya'yansu da harajinsu don yaƙar Beljiyam suka ga abin kamar cin fuska.

Ran 7 ga Oktoba, 1840, ya yi murabus, ya bar wa babban ɗansa, Wiliyam na Biyu. Ya koma Balin a Jamus, ya auri matar a 1841. A can ya mutu ran 12 ga Disamba, 1843, yana da shekara 71. Ya bar wa magadansa dukiya mai yawa, ya bar wa ƙasa bashin da sai da aka nemi rance na musamman daga hannun jama'a a 1844 kafin ta tsira daga karyewa. A 1848 ɗan nasa ya amince da sabon tsarin mulki wanda ya sa ministoci a ƙarƙashin majalisa. Sarki Wiliyam Alekzanda, wanda ya hau gadon Holan a 2013, daga zuriyarsa yake. An kawo gawar Wiliyam na Ɗaya gida, aka binne shi a maƙabartar gidansu da ke cikin wani coci a garin Delft.